Mutumin da Bai Taɓa Ɓatar da Tururuwa Ba

A unguwarsu ba wanda ya san takamaiman aikinsa. In aka tambayi maƙwabta sai su ce ai a tashar masu binciken nan yake, can bakin faƙo. In aka matsa musu da tambayar me yake yi a can, sai su yi murmushi su ce tururuwa yake bi. Daga nan suna ya bi shi, Mai Tururuwa, har ya danne sunansa na asali. Shi kuwa bai taɓa jin haushi ba, tunda ba ƙarya aka yi masa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin tururuwa da fensir a hannu, kuma da haka ya riƙe gida, ya sa 'ya'ya uku a makaranta.

Asalinsa mai fenti ne. An ɗauko shi ya shafe ɗakuna huɗu na tashar, aikin mako biyu. Shugaban wurin, wanda kowa ke kira Farfesa, ya tsaya wata rana yana kallon yadda yake jan layi a gindin bango, ba igiya ba ma'auni, layin kuma ya tafi sambal. Ya ce masa in ya gama akwai wani bangon, amma shi a kwance yake. Bangon da ke kwance shi ne faƙon: fili fetal, fari fat saboda gishiri, ba itace, ba ciyawa, ba ko tsakuwar da kaza za ta yi tuntuɓe da ita. Aka ce ya zana layuka tsaye da kwance, mita ɗaya tsakanin kowane biyu, har filin ya koma gida-gida kamar littafin lissafin 'yan makaranta. Ya zana bai tambayi dalili ba, don mai fentin da ke yawan tambaya ba ya daɗewa a sana'a.

Sai da ya gama ya ga wadda aka yi wa layukan. Wata baƙar tururuwa ce mai dogayen ƙafafu, wadda ba ta fita sai rana ta take, lokacin da ƙadangare ma ya nemi inuwa. Ita kaɗai take fita, ba jerin gwano irin na tururuwar gida, kuma ba ta barin wari a hanya, don ko ta bari zafi zai cinye shi. Takan yi ta gantali, nan ta karkata dama, can ta koma hagu, har ta tsinci mushen wani ƙwaro da rana ta kashe. Da zarar ta ɗauka, ba ta bin sawunta na zuwa. Juyawa take yi ta miƙe ɗoɗar zuwa raminta, ramin da bakinsa bai fi maɓallin riga ba, ko da kuwa ta yi nisan mita ɗari da shi.

"Da me take gane hanya?" Ita ce tambaya ta farko da ya taɓa yi a tashar.

Farfesa ya ɗaga yatsa sama. "Ni da kai shuɗi kawai muke gani. Ita kuwa hasken da ya bazu a sama yana da saƙa a idonta, kamar yadda zare ke kwance a jikin yadi, kuma saƙar na juyawa tare da tafiyar rana. Da gefen idonta na sama take karanta ta, sai ta san inda ta dosa. Nisa kuma da ƙafa take auna shi, takunta take tarawa. Duk kwanar da ta sha tana gyara lissafi a kanta. Shi ya sa ko yaushe ka tsare ta, ta san ta ina gida yake, ta kuma san nisansa."

Ga yadda suke gwada ta. Za a zuba ɓurɓushin biskit nesa da rami. Tururuwa ta zo ta ɗauka, tana shirin juyawa sai a kama ta a jefa a 'yar kwalba, a kai ta filin layuka, can inda ba ta taɓa takawa ba, a sake ta. Baiwar Allah ba ta san an ɗauke ta ba. Sai ta duba sama, ta miƙe daidai ɓangaren da gida yake daga wajen biskit, ta yi taku daidai adadin da ta ƙirga, ta tsaya inda ya kamata a ce ramin yake. Babu rami. Sai ta shiga kewaye, ƙanana tukuna, sannan manya. Aikin mai bi shi ne ya riƙe allo da takarda mai gidaje irin na ƙasa, ya bi ta a sunkuye, kada inuwarsa ta faɗa mata, yana zana duk inda ta taka.

Doka ɗaya Farfesa ya kafa wa masu bi. "In ta ɓace maka, sa kuros a wurin, wato alamar gicciye, ka rubuta ta ɓace. Ba laifi ba ne, ido ne. Abin da ba na so shi ne ka zana mini abin da ba ka gani ba."

Ɗalibai sukan zo daga jami'a duk bazara su koyi aikin, kuma taswirarsu cike take da kuros. Gumi ya shiga ido, ko ƙuda ya sauka a hanci, kafin mutum ya kore shi tururuwa ta yi gaba. Wasu sukan yi mako guda su ce kansu na ciwo su koma aikin ɗaki. Mai Tururuwa kuwa ko sau ɗaya bai taɓa sa kuros ba. Yana da ido, yana da haƙuri, ga hannu mai jan layi. In an gama zane, sauran sukan bar tururuwar nan a filin ta yi ta kewaye har rana ta gama da ita. Shi sai ya durƙusa ya lallaɓa ta cikin kwalin ashana, ya taka har bakin raminta ya sake ta. Ba wanda ya sa shi. Ya ce wanda ka ɗauko daga hanyarsa, kai ke da alhakin mayar da shi.

Kowace taswira akan sa mata lamba da kwanan wata a jera a kwali, kwalayen kuma a kan kanta a ɗakin ajiya. Nasa su suka cika kanta uku. Daga cikinsu Farfesa ya rubuta yawancin abin da ya rubuta. In baƙi suka zo, yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Ga mutumin da bai taɓa ɓatar da tururuwa ba." Mai Tururuwa yakan sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, amma gaskiya ita ce yana son maganar nan fiye da albashinsa.

Matarsa tela ce, kekenta na bakin taga a falo. Mace ce da ba ta raga wa kowa. "Mutane na kiwon awaki su sha nono," takan ce, "ni nawa mijin kiwon tururuwa ya sa gaba, kuma ko ɗaya ba tasa ba ce." Shi kuma ya ce ai gara tururuwa, ita ba ta mayar da magana. Haka suka tsufa, tana tsokana yana karewa.

Yau da gobe ba ta bar komai ba. Yana da shekara hamsin da bakwai ya fara jin kamar an shafa wa idonsa na hagu man shafawa. A ɗaki ba ya damunsa. A faƙo ne, da tsakar rana, in farin gishiri ya dako masa haske, komai sai ya narke ya zama fari ɗaya. Wata rana yana bin wata tururuwa sai ta shige cikin farin nan. Ya ci gaba da tafiya inda ya san za ta bi, bayan gida huɗu sai ga ta, daidai inda ya zata. Ya dubi takardar. Giɓin gida huɗu ne kawai, kuma ai ba ta tashi sama ba, ta nan ta bi. Ya haɗe layin.

Ranar bai ci abincin rana ba. Amma bayan mako guda da abin ya sake faruwa, ya ci abincinsa lafiya lau. Sabo turken wawa. Gida huɗu ya zama goma, goma ya zama rabin hanya. Abin da ya cuce shi shi ne ƙwarewarsa: ya san halin tururuwar nan fiye da halin 'ya'yansa, ya san inda take ɗan karkacewa, ya san yadda kewayenta ke buɗewa, don haka layin da yake ƙirƙira ba ya bambanta da na gaskiya ko a idon Farfesa. Da ɗalibi ne ya yi haka, da rana ɗaya an kama shi. A shekara ta uku idon dama ma ya bi sahu. Ya zama yakan ga tururuwa lokacin da ya sake ta daga kwalba, ya ga taku biyu ko uku, shi ke nan. Sauran daga kansa yake fitowa, yana tafe a sunkuye yana bin farar ƙasa. Kwalin ashana ya daina fita daga aljihu, don ba a mayar da abin da ba a gani ba. Wannan ya fi komai ci masa rai, amma bai ci masa rai har ya yi magana ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma matar mai ɗaki ma ba makauniya ba ce. Da, shi ke zura mata zare a allura in ta gaji. Yanzu sai ya ce hannunsa da maiƙo. Ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ta kashe keke ta juyo.

"Malam, yanar ido ce ke damunka. 'Yar autarmu ta ce aikin minti talatin ne a asibitin da take aiki, a cire maka ka dawo gida."

"Wa ya ce miki ba na gani?"

"Tebur ne ya gaya mini, ga shi nan yana shan shayi."

"In na je asibiti sai na ɗauki hutu. In na ɗauki hutu sai an tambayi dalili. In aka ji dalili sai a ce tun yaushe."

Ta dube shi. Ba ta san kan aikinsa sosai ba, amma ta san mijinta. "To tun yaushe?" ta ce. Ya tashi ya ɗauko tsumma ya goge tebur.

Ana haka Farfesa ya yi ritaya ya koma garinsu. Aka kawo wata tsohuwar ɗalibarsa ta riƙe tashar, ana ce mata Dakta. A hannun Mai Tururuwa ta koyi bin tururuwa shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin tana 'yar siririya mai yawan kuros. Har yanzu Baba take ce masa, kuma ba ta zama in yana tsaye. Wa'adin shekara biyu aka ba ta ta nuna abin da za ta iya, in ba haka ba a kawo wani.

A bazararta ta farko ta shirya wani gwaji. Ta kama tururuwa goma sha biyu. Shida ta sa su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ɗauki buroshi mai gashi ɗaya ta shafe musu duk sashen ido da ke kallon sama da baƙin fenti, har da 'yan ƙananan idanu uku da ke goshinsu. Shida ta bar su yadda Allah ya yi su. Ta sa kowace a kwalba mai lamba, ba ta gaya wa mai bi wace ce wace ba, saboda ƙa'idar aikin ke nan. Ɗalibai sun koma jarrabawa a makon, ita kuma tana ɗaki da madubi, sai bin ya faɗo kan Baba shi kaɗai. Ta zaɓi ranakun da ba iska. Abin da kowa ya sani shi ne wadda aka rufe wa sama ba za ta miƙe ba, dawurwura za ta yi ta yi tun daga inda aka sake ta.

Cikin kwana uku ya kawo mata taswira goma sha biyu. Duk sun miƙe ɗoɗar.

Washegari da safe ta kira shi ofis. Ya shiga yana jiran abin da ya shekara huɗu yana jira. Sai ya tarar da ita a tsaye, ta baza takardun a tebur, cike da murna.

"Baba, zauna ka ji. Shida daga cikin nan ba sa ganin sama ko kaɗan, ni na rufe musu da hannuna. Amma dubi, sun tafi kamar sauran. Ka san ma'anar wannan? Akwai wani abin da suke bi wanda ba mu sani ba. Da ɗalibi ne ya kawo mini, da na ce ya koma ya sake. Amma hannunka ne." Ta ce ta riga ta fara rubuta wa jami'a, za ta nemi a karkatar da duk aikin shekara biyun kan wannan. Ranar Litinin za ta tura.

Ya ce, "Allah ya sa alheri," ya fita.

Ranar Alhamis ce. Ya kwashe kwana uku da abin a cikinsa. Ya auna ta kowace fuska, don ba wawa ba ne. In ya yi shiru, yarinyar nan za ta ɗora sunanta da wa'adinta kan layin da ya fito daga kansa. Wata tasha za ta gwada ta ga ba haka ba, a ce Dakta ce ba ta iya aiki ba, ba mai tuna wani tsoho mai fensir. Shi saura shekara biyu ya yi ritaya da sunansa fes. In kuma ya yi magana, maganar da ya fi so a duniya ta ƙare. Ya so ƙwarai a ce akwai hanya ta uku, ya nema bai samu ba. Ranar Asabar ya je faƙo shi kaɗai da kwalba ɗaya, ko Allah zai sa idon ya yi masa rana. Ya saki tururuwa, ya ga taku uku, ta shige fari.

Litinin tun kafin ta ajiye jaka ya yi sallama.

"Dakta, kada ki tura takardar nan. Ban ga tururuwan ba."

"Wace daga ciki, Baba?"

"Duka. Yanar ido ce ta kama ni, duka biyun. Ina ganinsu in na sake su, daga nan sai in zana abin da na san za su yi."

Ta zauna, karo na farko da ta zauna yana tsaye. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi samun sauƙi. Ta tattara takardun goma sha biyu ta kifa su. Ya ga ta sa bayan hannu ta share fuska, ko gumi ne ko wani abu, idonsa bai kai ya bambance ba.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu. Bazarar da aka sake rufin ɗakin ajiya."

"A cikin na shekara huɗun, za ka iya ware mini waɗanda ka gani da waɗanda ba ka gani ba?"

"Ba zan iya ba. Iri ɗaya na zana su."

"Na kafin nan fa?"

"Waɗannan na gani. Wallahi kowane taku na gani, shekara ashirin da bakwai."

Ta juya biro a hannu. Da ta buɗe baki, a hankali ta yi magana, kamar mai gaya wa majinyaci sakamakon gwaji.

"Ni na yarda da kai, Baba. Da ba mai gaskiya ba ne kai, da ba ka shigo nan yau ba. Amma in aka tambaye ni ina shaidar cewa shekara huɗu ne ba bakwai ba, me zan nuna? Na gaskiyan ba kuros, na ƙirƙiran ba kuros. Maganarka kaɗai ce ta raba su, kuma wanda bai san ka ba ba zai karɓa ba. Dole in ware su duka har sai an sake gwaje-gwajen, ɗaya bayan ɗaya."

Wannan bai zo masa a lissafi ba. Duk kwana ukun da ya yi yana aunawa, shekara huɗu ya ɗauka zai biya. Ya buɗe baki zai sake rantsuwa, sai ya ga ba ta da amfani, ya rufe. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, kuma ba wanda zai ɗora wa.

Ta ce za ta sa direba ya kwashe kwalayen zuwa ɗakin baya. Ya ce a'a, shi zai kwashe. Ya ɗauko baro, ya yi sawu biyar. Aikin shekara talatin da ɗaya bai ɗauke shi rabin awa ba. Ta rubuta a takarda cewa kada a yi amfani da su sai an tantance, ya riƙe mata gam ta manna a ƙofa.

Da suka koma ofis ta ce ta ba shi hutun wata guda ya je a yi masa aikin idon, kuma in ya warke wurinsa na nan, sai dai daga yanzu mutum biyu za su riƙa bin kowace tururuwa. Ya yi godiya. Sannan ta ce saura abu ɗaya: yawancin littattafan Farfesa a kan kwalayen nan suke tsaye, dole ya sani.

"Ni zan kira shi da yamma," ta ce.

"A'a, Dakta. Danna mini lambar, ba na ganin rubutun."

Ta danna ta miƙa masa, ta fita ta ja ƙofa. Wayar ta yi ƙara sau huɗu. Tsohon ya ɗauka, da ya ji muryar sai ya hau dariya don daɗi, yana tambayar iyali, yana tambayar faƙo, yana cewa jiya-jiyan nan ya gama ba jikokinsa labarinsa.

Mai Tururuwa ya bari har ya gama.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "in a tsaye kake, samu wuri ka zauna."